Gonar Karɓa-karɓa a Kwamfuta

A ɗakin jira na ofishin filaye, wani dattijo ya kasa zama, sai kai-kawo yake gaban wata mai goyo.

"Baba, ka zauna mana, kana sa ni jiri."

"Ina zama, 'yar nan? Wai sai na nuna musu a kwamfuta inda gonata ta tsaya, ta ƙanena ta fara. Mu ba mu da iyaka! Gonar gado ce, rabi tudu, rabi fadama. Bana in noma fadamar, baɗi shi."

"To ka gaya musu."

"Na gaya! Wai taswirar ba ta san karɓa-karɓa ba. Layi ɗaya, suna ɗaya, har abada."

"Ni dai ta yi min rana. Ba don hoton sama ba, da dangin mijina sun cinye filina. Ku zo tare da ƙanen naka mana."

"Shi ba ya son hayaniyar gari."

"Ya san ka zo?"

Dattijon ya leƙa ƙofa. "Wai har yanzu ba a kira na gaba ba?"

"Baba, bana wa ke noma fadamar? Ai shi za su rubuta wa ita har abada."

"Ni ne," ya ce. Sai a lokacin ya zauna.