Shafin Ranar Ya Ce Na Kulle

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga unguwar Kilomita Biyar nake rubutowa.

Shekara sha ɗaya ina riƙe da makullin siton atamfa a Titin Koudoukou. Ranar da sojoji suka yi bore na rufe na gudu gida. Washegari aka tarar an kwashe kaya. Alhaji mai siton ya ce, "Kwaɗo bai karye ba, Malam. Ajiye makulli ka tafi." Ƙaninsa ma yana da makulli, amma ba a tambaye shi ba.

Kullum nakan rubuta ayyukana a littafi, kuma shafin ranar ya ce na kulle. Duk da haka, ko a salla sai in ga ƙofar a buɗe.

Masu sauraro, in kai ƙara wajen dattawan unguwa alhali ni kaina ina shakka?