Kwana Ɗaya da Na Hana Yaya Lami

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto ya ce in rubuta shaidata a takardar zumunta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, inda alƙalami ya yi tuntuɓe ku ɗaga shi. Kowane labari da wawansa. Na wannan ni ne, Baba Iliya na Saji, mai furfura har a gira.

Bara 'yata ta aiko mini da babbar waya. Mai caji a kasuwar Rano ya sa mini wani abu a ciki, wai shi mainin, wato haƙar kuɗi a waya. Ba noma, ba kiwo: ka yi ta danna hoton kwabon zinariya, maki na taruwa, ranar da aka fitar da shi kasuwa ya zama dala. Ka kawo mutum, a ƙara maka. Sharaɗi ɗaya ne: safe, rana da yamma sai ka danna. Ka tsallake sau ɗaya, ladan jerin kwanakinka ya zube, ka koma farko.

Shekara hamsin ina watsa wa kaza tsaba in zan kama ta, amma ban tambayi dalilin da ake watsa mini ba. Ban tambayi me suke sayarwa da za su biya mu ba. Ban san fuskar mai abin ba, balle garinsu. Sau uku suna ɗaga ranar biya, ina kare su kamar surukaina. Har a majami'a nakan danna a ƙarƙashin littafin waƙa. Mutum shida na ja a zumuntar maza. Sun yafe mini, ban da guda da har yau yake amsa gaisuwata da hanci.

Ana nan aka aiko daga Fassi cewa Yaya Lami tana jin jiki, tana nemana. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Ta musulunta ta yi aure can, amma Kirsimeti bai taɓa wucewa ba ta aiko mini da daddawa ba. Gidansu a cikin kwari yake, waya ba ta kamawa. Na duba: in na tafi, kwana ɗari biyu na dannawa sun zube, ga ranar biya saura kwana ɗaya. Na ce a gaya mata jibi ina tafe, har da kuɗin asibiti.

Washegari da hantsi ta cika. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kamar yadda addininsu ya tanada. Ko ƙasa ban zuba mata ba.

A wurin zaman makoki mijinta, Malam Sale, bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai ta ce, "Iliya ne?" Yana faɗa, na ga babban yatsana yana danna tabarma shi kaɗai.

Na tashi na zaga bayan rumbu na durƙusa. Na ce, ya Ubangiji, ban iya doguwar addu'a ba, ka kwance ni daga abin nan, ka gafarta mini. Na yi kukan da ban yi ba tun ina goye a bayanta. Daga ranar yatsan ya kwanta. Yabo ga Ubangiji!

Masu abin kuwa suka ce sai an biya kuɗin cirewa. Waɗanda suka biya, da safe suka tarar hoton ma ba ya buɗewa.

Na gode wa Allah da ya kwance ni. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Duk wanda zai biya ku don ku zo kullum ku kawo wasu, ku tambaye shi ina gonarsa take.

Kwanan baya na zauna ina tsine wa ɓarayin nan a gaban matata Rifkatu, na ce sun sace mini kwana ɗari biyu na rayuwata. Ko ɗaga kai daga tsintar wake ba ta yi ba.

"Ba su sata ba, Malam, kai ka miƙa musu. Yaya Lami kwana ɗaya tak ta roƙa."