Matar da Dokta Habibu Bai Taɓa Faɗin Sunanta Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma wakilin Hakimi, malamanmu limamai, shugabannin asibiti da likitoci abokan aikin marigayi, Sista Kezia da sauran ma'aikatan jinya, Hajiya Asabe uwargidan marigayi, Hafsatu da ƙannenki, 'yan uwa masu jinya da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, assalamu alaikum.

Ku yi haƙuri da muryata, ba ta da ƙarfi. Sunana Jummai, ina koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a Gawuna. Masu jinya ne suka ce in yi magana a madadinmu, mu da muka shekara tara muna zuwa wannan gida nasa na Nasarawa muna zama a barandar nan, Dokta Habibu Inuwa yana koya mana yadda za mu riƙe marasa lafiyarmu.

Ya kasance likitan ƙoda, wannan kowa ya sani. Ya kasance mai bincike a kan abin da ke sa jikin mutum ya ƙi ƙodar da aka dasa masa, wannan kuma abokan aikinsa sun fi ni bayani. Ya kasance mutumin da ba ya barin mai jinya ta tafi sai ta maimaita masa abin da ya faɗa da bakinta. Da masu jinyar waɗanda suka bugu a kai suka fara biyo mu, bai ce ba fanninsa ba ne. Sista Kezia, wadda ta san fannin, ya roƙa ta zo. A nan muka ga an kwantar da Dokta kansa a tabarma ana gwada yadda ake juya mara lafiya, a nan aka hana mu ɗura wa wanda ke kwance ruwa ko kunu, ko da ruwan addu'a ne, sai an zaunar da shi an ga yana iya haɗiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa zaman watan Sha'aban ya ji labarin wata baiwar Allah da Dokta yake bayarwa kowace shekara. Bai taɓa faɗin sunanta ba. Ni ce.

Shekara goma ke nan na ba ƙanena Aliyu ƙodata. Wata huɗu da yin aikin azumi ya kama. Maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar sau biyu ake sha, takwas na safe da takwas na dare, ba a gusar da lokacin. Aliyu ya murmure har ya koma shago. Ya tambaye ni, "Yaya, ni yanzu mara lafiya ne ko mai lafiya?" Na dube shi na ga mai lafiya. Na ce ya ɗauki azuminsa, ya haɗa maganin duka ya sha bayan shan ruwa. Ban tambayi kowa ba, don ina ganin na san hukuncin.

Ran sha tara ga wata ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu, zazzaɓi ya rufe shi. Da sakamakon jini ya fito, Dokta ya ce jikin ya fara yaƙar ƙodar. Ya tambayi Aliyu ƙarfe nawa yake shan magani. Aliyu ya sunkuyar da kai, don ba zai tona yayarsa ba. Na ce, "Dokta, ni na sa shi."

Na jira faɗa. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Malama, kin fi ni karatu. Wanda likita ya ce azumi zai cutar da shi, me aka ce ya yi?"

Na ce, "Ya sha, ya rama in ya samu iko, in ba zai samu ba ya ciyar."

Ya ce, "To ga likitan a gabanki. Laifina ne da ban faɗa muku tun Sha'aban ba. Kuma ki sani, ƙoda ɗaya ta rage miki, ba zan karɓi ta biyun ba ko kin kawo ta a kwano."

Aliyu ya yi dariya yana kwance. Ni kuka na yi.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana fama, Allah Ya sa ƙodar ta tsaya. Ga Aliyu can a layi na uku, da 'ya'yansa biyu da aka haifa bayan haka.

Daga baya Dokta ya nemi izinina ya sa abin cikin bincikensa ba tare da suna ba. Ya bi sauran marasa lafiyarsa yana tambaya a hankali, ya tarar ba mu kaɗai ba ne, kunya ce ta hana mutane faɗa. Daga nan ya fara tara mu kafin kowane azumi, ya zaunar da liman a gefensa, kowa ya kawo takardar maganinsa a duba, a gaya masa ko zai iya azumi ko ba zai iya ba. Shekara tara ina zaune yana ba da labarina, ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba. Mijina bai sani ba. Ɗalibaina da ke zaune a nan yau suka fara ji.

Hajiya Asabe, mun cinye miki Asabar ɗinki shekara da shekaru, mun tattake miki furanni, ba ki taɓa ɓata fuska ba. Mun gode. Hafsatu, mahaifinku ya rufa wa mutane asiri fiye da yadda za ku taɓa sani, ku riƙe wannan.

Saura mako biyar Sha'aban ya kama, kuma akwai mutum shida da aka yi wa dashe bana, ba su taɓa jin labarin nan ba. Hajiya ta ce barandar tana nan. Likitoci biyu sun ce za su zo. Labarin kuwa ni zan bayar da shi, da sunana, don wadda take ganin ta san hukunci ta ji daga bakin irinta.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Habibu, Ka yalwata kabarinsa, Ka suturta shi ranar da asirai ke bayyana. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ka ba mu ikon cewa ba mu sani ba a inda ba mu sani ba. Amin.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.