Dattijon da ke gwada birki da kunne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Bello, malamin firamare daga Achida.

Ina da tsohuwar ƙaramar mota da nike kai mahaifiyata asibiti Sakkwato. Kwanan baya birkinta ya yi tauri kamar dutse. Bakanike yac ce busta ta mutu, wato baƙar tukunyar da ke sa birki taushi. Anka kwatanta mani wani dattijo mai kayan gyara a Goronyo. Da na je, ashe ba ya gani!

Na zaɓi wata busta mai ƙyalli. Ya toshe ƙofar iskar da yatsa, ya danna sandar, ya kara kunne.

Yac ce, "Wagga tana yoyon iska, ɗana. Wa kake ɗauka a motar?"

Na ce, "Innata, Baba."

Sai ya lalubo wata mai tsatsa wadda ba ta yoyo, ya miƙo mani, na kai bakanike ya ɗaura.

Ran Jumu'a a mashigar Wurno, shanu sunka faɗo titi. Na taka birki, mota ta tsaya cak, ko tasbahar Inna ba ta faɗi ba. Wallahi, Allah mai iko!

Ina gaida Baba da direbobin Rabah. Masu sauraro, da mi zan saka ma wanga bawan Allah?