Abin da Ba a Rubuta a Bayan Katin Baftismata Ba

Yabo ga Yesu Kristi, iyayena mata da 'yan'uwana na wannan zumunta! Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Sunana Sisiliya. Shekara biyar ina zuwa Misa ban karɓi Jikin Yesu ba. In aka tashi layi, sai in janye gwiwoyina mutane su wuce.

Mijina na fari, Danladi, shi ya kawo ni nan ƙasar waje, unguwar Flatbush. A tsakar gidan Babana aka ɗaura mana aure, can ƙauye. Katikis, malamin cocinmu, ya zo da farar riga, ya yi addu'a, ya yayyafa mana ruwa mai tsarki. Kowa ya ce an ɗaura a gaban Allah.

Wata biyu da saukata ya fara dukana. Bel, wayar caja, duk abin da hannunsa ya kai. Ina da cikin 'yata Godiya ya shure ni a ƙugu, wai miya ta yi gishiri. Na ƙarshe, wata Asabar da rana tsaka, ya damƙi gashina ya buga bakina a ƙarfen ɗumama ɗaki. Haƙora biyu suka zubo a tafin hannuna. Hajiya Rakiya, 'yar Nijar mai shago a ƙasan benenmu, ta hauro tana dukan ƙofa da taɓarya: "Buɗe, azzalumi! Wallahi 'yan sanda na tafe!" Ita ta fitar da ni, jini har ƙirji.

Kotu ta raba mu. Daga baya na auri Luka a ofishin gwamnati, muka koma unguwar Park Hill. Bawan Allahn nan ko tsawa bai taɓa yi mini ba. Amma na san koyarwarmu: mijin fari yana raye, to babu Tarayya, wato karɓar Jikin Yesu.

Na kira Goggona a gida ina kuka. Ta ce, "Aure ɗaya ne, Sisi. In kina son Tarayya, koma ɗakinki." Na ce, "Goggo, zai kashe ni fa." Ta ce, "Gara ki mutu cikin alheri." Kun san har na fara neman lambar Danladi?

Wata Lahadi muna jiran bas, Godiya, da ta shiga ajin Tarayyar farko, ta tambaye ni da Turanci, "Mama, ke me kika yi da ba a ba ki?" Ban san lokacin da na kwaɗa mata mari ba. Leɓenta ya fashe. Ta kare kanta da hannu biyu, daidai yadda nake yi a Flatbush. Wayyo Allah!

Muna isa gida na zube a kicin. Na ce, "Yesu, na gaji. Kada ka bar ni in koma wurin mutuwa, kada kuma ka bar ni in zama Danladi. Nuna mini hanya."

Washegari na je wurin Fada. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, wane Fada ya ɗaura auren nan?" Na ce Katikis ne, a gida. Ya ajiye bironsa. "Bishop ya ba shi izini?" Ban sani ba. Ya ce a aiko da sabon katin baftismata daga gida, domin a bayansa ake rubuta auren coci. Ya ƙara da cewa, "Ban yi miki alkawari ba. Ofishin Bishop ne zai yanke, ba ni ba."

Wata huɗu ina jira, ko abinci ba ya shiga. Katin ya iso. Na juya bayansa, fari fat! Katikis ma ya rubuto cewa albarka kawai ya sa, ya kuma gaya wa Danladi ya zo coci a gyara auren, bai taɓa zuwa ba. Ofishin Bishop ya tabbatar wancan ba auren Ikilisiya ba ne.

Na furta zunubaina, har da marin 'yata. Aka gyara aurena da Luka a gaban bagadi. Da Fada ya ce, "Jikin Kristi," na ce, "Amin," na karɓa.

Na gode wa Allah! Ke da ke zaune a benci kina haɗiye kuka, na san ba kowa ce maganarta za ta zo da sauƙi kamar tawa ba. Amma kada ki yanke wa kanki hukunci, kada kuma ki koma inda ake zubar miki da jini. Je ki tambaya, ki dogara ga Yesu. Amin.