Ƙwayar da Nake Ajiye wa Baba a Bakin Gado

Shugabar wannan zama, likitocinmu da malaman jinya, shugabannin ƙungiyar masu fama da amosanin gaɓɓai, iyayena maza da mata, da ku da kuka hau matattakalar nan da kyar kuna dafa bango, assalamu alaikum.

Ina godiya da gayyata, ina kuma godiya ga wanda ya sa aka kawo kujeru masu hannu, domin ya san da wa yake zama.

An ce in yi magana kan maganin kashe zafi da kumburi, da yadda yake cin ciki. Ni ba likita ba ce. Ni 'yar mai gyaran agogo ce, kuma abin da na sani a gidanmu na koye shi.

Shagon Baba bai fi taku uku ba. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, agogo goma sha huɗu a bango, kowanne da lokacinsa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce, "Zaɓi wanda ya yi maka." Har yau in na rufe ido ina ganinsa da madubi maƙale a ido, hantsaki a hannu, yana ɗauko abin da bai kai ƙwayar yashi ba. Ina kewar wannan shago, wallahi ina kewarsa.

Sai ciwon ya kama masa yatsu. Kun san halinsa, da safe yake nuna iko. Baba kan farka hannu a sandare, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Lokacin na dawo gida da zama ina kula da shi, sai na ƙirƙiro dabara: kullum in ajiye masa ƙwaya da kofin ruwa a bakin gado, ya haɗiye kafin ya sauko, ciki babu komai, domin yatsun su saku kafin ya buɗe shago. Shekara huɗu ina yin haka, ina jin babu 'yar da ta kai ni.

Ku ji abubuwan da suka taru a kansa, kowa ya auna kansa.

Na farko, shekaru. Baba ya haura sittin da biyar, kuma cikin tsoho ba ya jure abin da na yaro ke jurewa.

Na biyu, ya taɓa yin gyambon ciki tun yana saurayi. Likita bai sani ba, domin Baba ya ce tsohon zance ne.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya. Maƙwabcinsa tela ya kawo masa wata, ya ce, "Gwada wannan, ita ce ta tashe ni." Suna daban, kwali daban, ashe dangi ɗaya ne. Ga ta sitiroyid da yake sha don kumburi, ga asfirin na tsinka jini saboda zuciya, ga taba da yake zuƙa a bayan shago yana zaton ba na jin wari. Kowanne da nasa haɗarin, balle a tara su a ciki ɗaya, shekara da shekaru.

Na huɗu, shiru. Maganin da ke kashe zafin yatsa yana iya ɓoye zafin ciki. Amma Baba ya ga alama. Mako biyu bayan gidansa yana fita baƙi kamar kwalta, ashe jini ne ke zuba a cikinsa, bai faɗa wa kowa ba, har ranar da jiri ya kayar da shi a kan teburinsa da hantsi. A asibiti, ana yi masa ƙarin jini, na ce, "Baba, me ya sa ka ɓoye?" Ya ce, "Uwata, in na faɗa za ku karɓe ƙwayar. In kun karɓe ta, kun karɓe hannuna." Garin neman gira muka rasa ido. Kwana uku ya yi a gadon nan, Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne ba sai an karɓe hannun ba. Akwai maganin da ke kare ciki. Ana rage ƙwaya, ana canza ta, ana ba da maganin da ke kwantar da cutar kanta. Abinci yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya isa. Don haka ina roƙonku, ku zuba duk abin da kuke sha a jaka, har wanda maƙwabci ya ba ku, ku zazzage shi gaban likita. Ku faɗi tsohon gyambo. Ku faɗi baƙin bayan gida ranar da kuka gan shi, kunya ba ta tsayar da jini.

Ku dubi yatsuna, kun ga sun fara karkacewa. Na gaji Baba. Makon jiya na farka na tarar da 'yata ta ajiye mini ƙwaya da kofin ruwa a bakin gado. Babu wanda ya koya mata. Na zaunar da ita, na ba ta labarin da na ba ku yanzu, muka yi kukanmu, sannan ta ɗauko jaka muka tafi wurin likita.

Allah Ya jiƙan Baba da duk iyayenmu da suka riga mu. Allah Ya sassauta wa gaɓoɓinmu, Ya tsare mana cikinmu, Ya saka wa masu jinyarmu da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.