Ruwa Na Cin Katangar Ɗakin Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Sani tela daga Kwarbai, cikin birnin Zariya.

Duk shekara muna biyan harajin gida, ana ce mana da shi ake yashe kwata. To, kwatar layinmu ta toshe tun farkon damina, ruwa yana ta cin gindin katangar ɗakin mahaifiyata. Jiya mai karɓar haraji ya zo sabunta lambar gida, yana dafa katangar sai ƙasa ta zubo masa a ƙafa. Na ce, "Malam, ka gani ko?" Ya kakkaɓe wandonsa ya ce shi karɓa aka aiko shi, ba gyara ba.

Inna ta ƙi barin ɗakin, ga hadari yana haɗowa. Don Allah jama'a, wa zan kai wa kuka kafin ruwa ya sauko?